Tun Ran Gini Ran Zane: Tsokaci a Kan Dokokin Turai na Ƙera Kayan da Ake Iya Sake Sarrafawa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan wasu dokoki da ƙasashen Turai suka yi ta kafawa tun daga shekarar 1991, waɗanda aka yi su da niyyar sa masu masana'antu su riƙa ƙera kaya ta yadda idan sun tsufa za a iya kwance su cikin sauƙi, a ware ƙarfe gefe guda, roba gefe guda, gilashi gefe guda, a narke a sake yin wani abu da su. Ba za a bi dokokin ɗaya bayan ɗaya ba, domin suna da yawa, kuma wasu gyara ne kawai na waɗanda suka gabace su. Tambaya guda za a yi musu, watau, shin sun canza yadda ake ƙera kayan, ko kuwa iyakarsu tara kuɗin kwashe shara? Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dokar da ta ce wa mai masana'anta ya biya kuɗi ta tara kuɗi ƙwarai, amma kaɗan ta taɓa ƙirar kaya. Wadda ta hana shi sa wani abu da sunansa, ko ta mayar masa da tsohon kayansa ya kwance da kansa, ita ce ta shiga har ɗakin zane. Wannan bambanci ya shafe mu, domin tsofaffin motoci da na'urorin Turai masu yawan gaske a hannun makanikai da 'yan gwangwan ɗinmu suke ƙare rayuwarsu.

Abin da ake yankewa tun a ɗakin zane

Kafin a shiga maganar doka, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ƙira take da muhimmanci haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane ya san cewa sanholo ƙarfe ne mai biyayya. Ana narka gwangwanin lemo ko tsohon fistin mota a zuba tukunya, in ta fashe a sake narka ta. A manyan masana'antu ma haka abin yake, domin narka tsohon sanholo yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen fitar da sabo daga ma'adini. Inda matsala take shi ne inda aka gauraya abubuwa ta yadda ba sa rabuwa.

Alal misali, idan jan ƙarfe na wayoyin mota ya bi baƙin ƙarfe cikin tanderu, to, ya zauna ke nan, babu wata hanya mai araha ta fitar da shi, kuma ƙarfen da aka samu ba zai yi jikin sabuwar mota ba, sai dai rodin gini. Ledar da ake ƙunsa garin madara ko sabulun gari a ciki, a ido abu ɗaya ce, amma shimfiɗa-shimfiɗa ce ta roba iri biyu ko uku, wani lokaci har da ɗan siririn sanholo, an manne su wuri guda. Injin da yake tantance robobi a Turai da haske yake gane irin kowace roba, to, baƙar roba da aka rina da baƙin gawayi tana shanye hasken, sai injin ya wuce ta kamar bai gani ba, ta tafi wurin ƙonewa. Batirin da aka liƙe da gam a cikin wayar hannu kuwa, in aka matsa masa wajen ɓamɓarewa yana iya kamawa da wuta. Duk waɗannan ba laifin mai kwasar shara ba ne. Wani injiniya ne ya zaɓi gam a maimakon noti, ya zaɓi baƙin launi a maimakon fari, shekaru kafin kayan su isa juji. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Ga girman abin da ake magana a kai: rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tsofaffin kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bisa ƙa'ida.

Dokokin "biya kuɗi"

Tunanin da aka gina yawancin dokokin Turai a kansa, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Thomas Lindhqvist ne ya ba shi suna a 1990, cikin wani rahoto da ya rubuta wa ma'aikatar muhalli ta ƙasarsa. Tunanin mai sauƙi ne, kuma yana da ban sha'awa. Idan aka ɗora wa mai ƙera kaya nauyin kayansa har bayan sun mutu, to, da kansa zai gyara ƙira domin ya rage wa kansa asara. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa ke nan. Jamus ce ta fara aiwatar da shi sosai, da dokar marufin kaya ta 1991, a zamanin ministan muhalli Klaus Töpfer. Kamfanoni suka haɗu suka kafa ƙungiya guda mai tattara marufai, kowane kamfani yana biyan ta kuɗi yana buga alamar koren ɗigo a jikin kayansa. Tarayyar Turai ta bi sahu da dokar marufai a 1994, da ta tsofaffin motoci a 2000, da ta kayan lantarki a 2003.

Ya kamata a yi wa tsarin nan adalci. Ya ɗauke nauyin kuɗi daga kan hukumomin birane ya mayar kan kamfanoni, ya samar da wuraren tattara kaya, ya kuma rage marufin da babu dalilinsa, kamar kwalin da ake saka man goge baki a ciki. To amma maganar ƙira fa? A nan ne ya gaza, kuma dalilin gazawar yana cikin yadda ake raba kuɗin.

Dokar kayan lantarki ta 2003 ta faɗa cewa kowane kamfani shi ne zai ɗauki nauyin kayansa na kansa, waɗanda ya shigar kasuwa bayan 13 ga Agusta 2005. Amma ta ba da damar a cika wannan nauyi ta hanyar shiga ƙungiya, kuma kusan kowa ta nan ya bi. Motar kwasa tana zuwa ta ɗebi firji da talabijin na kamfanoni barkatai, a zuba su injin dagargazawa guda, sa'an nan a raba kuɗin aikin gwargwadon yawan abin da kowane kamfani ya sayar. Mu ɗauka wani kamfani ya kashe kuɗi ya yi talabijin mai noti huɗu da roba iri ɗaya, wani kuma ya yi tasa da gam da roba iri shida. A ƙarshen shekara kuɗi ɗaya za su biya a kan kowane kilo. Ribar ƙoƙarin na farko ta narke cikin tukunyar kowa da kowa, har abokin gasarsa ya sha romo. Wane manajan kamfani ne zai amince da irin wannan ciniki? Sashen dokar da ya yi maganar ƙira kai tsaye kuwa, cewa ya yi ƙasashe su "ƙarfafa gwiwa", kuma duk wanda ya san harshen doka ya san cewa ba a gurfanar da kowa a kotu saboda ƙin karɓar ƙarfin gwiwa.

Aibi na biyu shi ne awo da nauyi. Dokar motoci ta 2000 ta ce daga 2015 lalle a sake amfani ko a sake sarrafa kashi 85 cikin 100 na nauyin tsohuwar mota, in an haɗa da abin da aka ƙone don samun makamashi ya kai kashi 95. Adadin yana da daɗin ji. Sai dai mafi yawan nauyin mota ƙarfe ne, wanda tun kafin a yi doka 'yan kasuwa suke rububinsa saboda yana da kuɗi. Ƙananan abubuwa masu daraja, irin su maganaɗisun da ke cikin ƙananan injina da zinariyar da ke jikin allunan lantarki, ba su da nauyin da zai motsa sikeli, saboda haka ana iya cika sharaɗin doka tsaf alhali duk sun salwanta. A fannin marufai abin ya fi haka muni. Tun da da nauyi ake biya, mai hikima sai ya bar kwalba ko gwangwani ya koma ga leda mai shimfiɗu, wadda ba ta da nauyi kuma ba ta sake sarrafuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Har wa yau, an daɗe ana lissafa sharar da aka loda a jirgin ruwa aka fitar waje a matsayin wadda aka sake sarrafawa. Da ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin sharar roba a farkon 2018, sai aka ga robobi sun taru jibgi-jibgi a ƙasashen da alƙalumansu suke cewa komai yana tafiya daidai.

Faransa ta lura da wannan rauni, ta yi ƙoƙarin gyara shi ta hanyar bambanta kuɗin, watau mai kyakkyawar ƙira a rage masa, mai mummuna a ƙara masa, kuma dokarta ta Fabrairun 2020 ta faɗaɗa wannan tsari. Hanyar daidai ce. Amma kuɗin da ake ɗora wa wayar hannu guda kaɗan ne ƙwarai, wayar kuwa ana sayar da ita ɗaruruwan Yuro. Ko an ninka shi biyu, ba zai sa wanda yake son wayarsa ta fi ta kowa siranta ya fasa amfani da gam ba.

Dokokin da suka isa ɗakin zane

A rana ɗaya da dokar kayan lantarki ta 2003 aka zartar da wata 'yar'uwarta, wadda ba ta yi maganar kuɗi ko kaso ba sam. Cewa ta yi daga 1 ga Yuli 2006 ba za a sayar da sabuwar na'urar lantarki a kasuwar Turai ba in tana ɗauke da dalma, ko zaiba, ko kadmiyam, ko wani nau'in kuromiyam mai guba, ko wasu sinadarai biyu na hana kamawar wuta, fiye da ɗan ƙanƙanin adadi da aka ƙayyade. An yi togaciya da dama, wasu ma har yanzu suna nan. Duk da haka, cikin 'yan shekaru masana'antun lantarki suka sauya dalmar da suke liƙa sassa da ita, suka koma ga gamin kuza da azurfa da jan ƙarfe. Kuma tun da yake bai biya kamfani ya buɗe layi biyu, ɗaya na Turai ɗaya na sauran duniya, sai canjin ya bazu har inda dokar ba ta da iko. A ganina babu wata doka cikin jerin nan da ta canza abin da ke cikin na'ura kamar wannan.

Akwai misalai na baya-bayan nan masu irin wannan hali. Koriya ta Kudu ta hana gorunan ruwa da na lemo masu launi daga Disamban 2019, domin roba mai launi ba ta komawa gora mai haske. Tarayyar Turai ta ce daga Yulin 2024 murfin gorar abin sha ya zauna maƙale da gorarsa, jama'a suka yi ta gunaguni cewa yana tsokane musu hanci, amma goruna sun canza. Daga Maris 2021 an wajabta wa masu yin firji da injin wanki da talabijin su tanadi kayan gyara na shekara bakwai zuwa goma, kuma a iya musanya su da kayan aikin da ake samu ko'ina. Dokar batura ta 2023 ta ce daga Fabrairun 2027 mai na'ura ya iya cire batirinta da kansa ya sa wani, ko da yake an keɓe wasu na'urori, kamar waɗanda aka yi don aiki cikin ruwa. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne, ana iya ɗaukar kayan a hannu a duba a ce ya cika sharaɗi ko bai cika ba.

Japan ta bi wata hanya dabam, wadda ta fi kusa da ainihin abin da Lindhqvist ya nufa. Dokarta ta kayan gida, wadda aka zartar a 1998 ta fara aiki a Afrilun 2001, ta shafi talabijin da firji da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki. Mai kaya ne yake biyan kuɗi ranar da zai rabu da su, mai kanti ya karɓa, sa'an nan kamfanonin da suka ƙera su ne suke da alhakin kwancewa, a masana'antun da su da kansu suke da hannu a ciki. Saboda haka injiniyan da ya ɓoye noti a lungun da sukundireba ba ta kaiwa, abokan aikinsa ne za su sha wahalarsa, kuma ƙorafin zai dawo masa. Daga nan aka samu al'adar rage yawan notina, da sa alamar inda suke, da rubuta irin roba a jikin kowane sashe. Tsarin yana da nasa aibin, domin biyan kuɗi ranar zubarwa yana jarabtar mutum ya yar da firjinsa a ɓoye ko ya miƙa wa mai fitarwa waje.

Ga alama Tarayyar Turai ta ɗauki darasi. Babbar dokarta ta ƙirar kaya, wadda ta fara aiki a Yulin 2024, ta ba Hukumar Tarayyar ikon gindaya sharuɗɗan ƙarko da gyaruwa da sake sarrafuwa ga kusan kowane irin kaya, ta kuma kawo abin da ake kira fasfon kaya, watau wata alama da za a haska da waya a ga abin da aka yi kayan da shi da yadda ake kwance shi. Sabuwar dokar marufai ta 2025 ta ce daga 2030 marufin da ba a tsara shi don sake sarrafawa ba ba zai shiga kasuwa ba. Yabo a nan sai a yi shi da taka-tsantsan. Dokar 2024 ƙwarangwal ce, naman yana cikin ƙananan ƙa'idoji da za a rubuta wa kowane rukunin kaya, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru. A wajen rubuta irin waɗannan ƙa'idoji kuwa, masu masana'antu sun fi kowa yawan injiniyoyi da lauyoyi da lokacin zama. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wane ne mai kwancewar?

Akwai wani zato da ke kwance a ƙarƙashin dokokin nan duka, wanda ba a cika tattauna shi ba, watau cewa kayan da aka sayar a Turai a Turai za su mutu. Hukumar Tarayyar da kanta ta yarda cewa kimanin motoci miliyan uku da rabi suna ɓacewa daga rajista kowace shekara ba a san inda suka shiga ba. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Mu ba ma bukatar rahoto ya gaya mana, tun da har suna muka ba irin waɗannan motoci, muna ce musu 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Sau da yawa kuma a cikinsu ake cuso tsofaffin talabijin da firji.

Cinikin kayan hannu ba laifi ba ne. Firjin da ya yi shekara takwas a Jamus ya zo ya ƙara takwas a Zariya ya yi amfani fiye da wanda aka dagargaza tun yana aiki, kuma masu gyaranmu suna rayar da abin da Bature ya fid da rai da shi. Abin dubawa shi ne ranar da firjin nan ya mutu mutuwar ƙarshe. Kuɗin kwance shi an riga an biya tun ranar da aka saye shi sabo, yana can cikin asusun wata ƙungiya a Jamus. Aikin kwancewar kuwa yana kan wani yaro a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, da guduma da kurfi, wanda zai ƙone wayoyi ya fitar da jan ƙarfe ya shaƙi hayaƙin. Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda aka ƙulla shekara guda bayan an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, da ta Bamako ta 1991, maganar hana safarar shara mai guba suke yi. Ba su tanadi hanyar da kuɗin kwancewa zai bi kayan hannu zuwa inda suka tafi ba.

A nan ne bambancin da aka yi bayani a sama ya fi fitowa. Kuɗin da aka biya a Jamus bai ƙetare teku ba, amma dalmar da aka hana sawa a 2006 babu ita a cikin na'urar ko a wace kasuwa aka fasa ta. Haka nan noti a maimakon gam, da batirin da yake fita da hannu, da robar da aka rubuta sunanta. Ashe ke nan dokar ƙira ita ce kaɗai cikin dokokin Turai da ɗan gwangwan na Kano yake cin moriyarta, ko da yake ba don shi aka yi ta ba. Har ma ana iya cewa ya fi injin Turai cin moriyarta, domin allon lantarkin da aka zare da hannu kafin a fasa na'ura ya fi ba da zinariya da azurfa a kan wanda aka niƙa tare da komai.

Saboda haka akwai abin da ya kamata masana da hukumominmu su sa wa ido a cikin ƙa'idojin da ake rubutawa yanzu. Idan aka fassara "mai sake sarrafuwa" da cewa abin da injin dagargazawa da injin tantancewa na Turai za su iya rabawa, to, kaya zai iya cin jarrabawa a can ya zo nan ya zama annoba. Idan kuma bayanan kwancewa da ke cikin fasfon kaya aka taƙaita su ga kamfanonin da ke da rajista a Turai, to, mai gyara na Sabon Gari zai haska alamar ya tarar da ƙofa a kulle.

A gida kuma, Nijeriya ta riga ta ɗauko tsarin ɗora nauyi a kan mai kaya, cikin ƙa'idojin kayan lantarki da hukumar NESREA ta fitar a 2011, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar kamfanoni da za ta riƙa tattara kuɗin. Watau ɓangaren da ya fi rauni wajen canza ƙira shi muka fara kwafa, a ƙasar da mafi yawan na'urorinta shigo da su ake yi, inda mai biyan kuɗin ɗan kasuwa ne da bai taɓa ganin ɗakin zane ba. Kuɗin yana da amfani in ya isa hannun masu tattarawa da masu kwancewa, ya sai musu injin feɗe waya su daina ƙonawa. Amma inda dokarmu take da iko a kan ƙira kai tsaye shi ne kayan da ake yi a nan: gorunan lemo da na ruwa, da ledojin ƙunshin madara da sabulu da man girki, da bokitai da kujerun roba na masana'antun Legas da na Sharaɗa da Bompai. Sharaɗi irin na Koriya, cewa gorar abin sha ta zama marar launi kuma takardar jikinta ta ɓamɓaru cikin sauƙi, abu ne da ma'aikacin hukuma zai iya tabbatarwa da idonsa a bakin ƙofar masana'anta, ba tare da ɗakin gwaji ba.